Lambar Yabo a Ƙirjin Wa? Daga Kwatarkwashi Zuwa Malam Fatori

A ƙarshen watan Fabrairun 1903, makonni kaɗan bayan Kanar Morland ya fasa ganuwar Kano da igwa, wata 'yar ƙaramar tawagar sojan Turawa ta yi kiciɓis da rundunar Kanawa a gindin dutsen Kwatarkwashi, cikin jihar Zamfara ta yau. Kanawan na kan hanyarsu ta komawa gida daga Sakkwato. Sarkin Kano Alu ya riga ya rabu da su, ragamar mayaƙa ta koma hannun ɗan'uwansa, Waziri Ahmadu. Wanda ke jagorantar ɗaya ɓangaren wani matashin hafsa ne, Laftanar Wallace Wright, tare da Bature ɗaya da baƙaƙen sojoji 44. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, suka ja sahu mai kusurwa huɗu, bakunan bindiga na kallon waje. Barade suka yi ta kawo sukuwa, harsashi na zubar da su, suna komawa suna sake ɗaura ɗamara, har tsawon sa'o'i biyu. A wannan gwabzawa ce Waziri ya kwanta dama, shi ya sa har gobe Kanawa ke kiransa Mai Shahada.

A watan Satumba na shekarar, jaridar gwamnatin Ingila ta buga sanarwar cewa an ba Wright lambar Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita a lambobin bajinta na daular. Takardar ta ce mahaya 1,000 da dakaru 2,000 ne suka far masa. Ta ma yarda cewa da Kanawa suka ja da baya, cikin tsari suka ja, ba tarwatsewa suka yi ba. Ta kawo sunan Wright da muƙaminsa da rundunarsa. Mutum 44 ɗin da suka riƙe sahun kuwa, waɗanda da 'yan kaɗan daga cikinsu sun karaya sun juya baya da dawaki sun tattake kowa, a matsayin lissafi kawai suka fito. Wright ya yi tsawon rai, ya kai Birgediya Janar, har ya zama ɗan majalisar dokokin ƙasarsa.

Ba wanda zai ce Wright matsoraci ne. Tsayawa gaban dawaki dubu ba wasa ba ne, ko da bindiga a hannu. Sai dai duk wanda ya auna abin da ya faru a ranar zai ga cewa ba shi kaɗai ya yi ta maza ba, watakila ma ba shi ya fi kowa ba. Mutumin da ya ɗaura lifidi ya riƙe mashi ya tunkari ruwan harsashi, ya ga na gabansa ya faɗi, ya sake zaburar doki, me za a kira abin da ya yi? Jarumtaka a fagen fama ake yin ta, amma lambar yabo a ofis ake shirya ta, kuma mai riƙe da alƙalami shi ke zaɓen wanda za a tuna. Haka abin yake a zamanin Turawa. Abin da ya kamata ya dami kowa shi ne, shekaru sittin da ɗoriya bayan alƙalamin ya dawo hannun 'yan ƙasa, har yanzu ƙaramin soja bai shiga takarda ba.

Yana da kyau a san yadda ake ba da irin wannan lamba. Sarauniya Victoria ce ta ƙirƙiro ta a 1856, gab da ƙarshen yaƙin Kirimiya, kuma daga lokacin zuwa yau waɗanda suka same ta ba su kai 1,400 ba. Ƙarfen da kansa ba shi da wata daraja, tagulla ce. Darajar tana cikin takardar da ke rakiyarsa: sai hafsa ya rubuta abin da ya faru, sai an samu shaidun gani da ido, bisa al'ada mutum uku, sai takardar ta bi matakai har fadar sarki, sannan a buga ta kowa ya karanta. Wane ne, a ina, yaushe, me ya yi. Wannan tsari yana da kyau, don yana hana ƙarya da son kai. Amma yana da rami babba, domin idan hafsan bai ga dama ba, ko bai ɗauki sojansa a bakin komai ba, ko ma bai iya furta sunansa ba, to maganar ta mutu a nan.

Ingila ba ta ɓoye bambancin da take nunawa ba. Ko tsakanin 'ya'yanta, lambar hafsa daban, ta kurtu daban: idan kyaftin da kofur suka yi bajinta iri ɗaya a rami ɗaya, kyaftin ya samu Military Cross, kofur ya samu Military Medal. Sai a 1993, zamanin Firaminista John Major, aka soke wannan rabe-raben. Sojan Indiya bai cancanci Victoria Cross ba sai daga 1911, kuma shekaru uku bayan buɗe ƙofar wani Musulmi, Khudadad Khan, ya same ta a Beljiyam. Baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da ta Gabas kuwa, tun farkon ƙarnin aka ware musu tasu lambar ta daban. Aka yi yaƙin duniya biyu, dubun-dubatarsu suka je suka dawo, wasu ba su dawo ba, amma ba baƙar fata ko ɗaya daga rundunonin Afirka na Ingila da aka maƙala wa Victoria Cross. Mai hankali ba zai yarda cewa a cikin wannan taro duka an rasa namiji ɗaya ba.

Ƙasar Hausa ta san saka wa jarumi tun kafin zuwan ƙarfen ƙirji. Idan an dawo daga yaƙi, sarki kan ba da doki, da riga, da rawani, wani lokaci har da sarauta. Barde, Jarmai, Madawaki, Sarkin Yaƙi, duk sunaye ne da aka gina a kan abin da mutum ya yi a bakin daga. Maroƙa da makaɗa su ne jaridar wancan zamani, su ke ɗaukar sunan mutum da kirarinsa su kai shi kasuwa da dandali. Shi ma wannan tsari yana da nasa son kai, don mahayi ya fi dakare samun yabo, ɗan sarauta ya fi talaka. Duk da haka bawa kan taka babban matsayi ta hanyar yaƙi, kuma abin da ya fi muhimmanci, a bainar jama'a ake faɗin abin da mutum ya yi, da sunansa.

Tarihin sojan Najeriya ya faro ne daga 1863, lokacin da Laftanar John Glover ya tara wasu 'yan Arewa ƙalilan a Legas, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga nan aka samu rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya kafa a 1897. Ba duka sojojinta ne Hausawa ba, akwai Barebari, Yarabawa, Tibi, Zabarmawa, Dakarkari da sauransu, amma Hausa ce harshen bariki, har taken rundunar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ya zama Kullum Shiri. Daga wannan runduna ta Gwalkwas ne aka samu Alhaji Grunshi, wanda tarihi ya rubuta cewa shi ne sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo, cikin watan Agustan 1914, tun kafin a soma ɓarin wuta tsakanin sojojin ƙasa na Ingila da na Jamus a Turai. Ya kai samanja, ya kuma samu Military Medal saboda abin da ya yi a Afirka ta Gabas.

Amma idan ana neman mutum ɗaya da rayuwarsa ta tattara dukan wannan magana, to Chari Maigumeri ne.

Ɗan ƙasar Barno ne. A 1913, yana saurayi, ya shiga sojan Jamus a Kamaru. Da yaƙi ya ɓarke shekara guda bayan haka, sai ya tsinci kansa a cikin ganuwar da Jamusawa suka yi a Garwa, a bakin kogin Binuwai, yana harbin sojojin da suka taso daga Najeriya. Harin farko da Ingila ta kai Garwa a Agustan 1914 ya ƙare da mummunar asara a ɓangarenta, har kwamandan harin ya mutu. Tarihin rundunar Najeriya ya ruwaito cewa Jamusawa sun ba Maigumeri lambarsu ta Iron Cross saboda bajintar da ya nuna a waɗannan fadace-fadace. A watan Yunin 1915 Garwa ta faɗi, aka kama shi fursunan yaƙi. A 1917 ya sa kakin waɗanda suka kama shi, aka tura shi Afirka ta Gabas ya yaƙi tsofaffin iyayengijinsa. Zuwa 1928 ya zama babban samanjan bataliya ta uku ta rundunar Najeriya, matsayin da ba wani baƙin soja da ke iya wuce shi a lokacin.

Da Yaƙin Hitila, wato Yaƙin Duniya na Biyu, ya zo, Maigumeri ya haura shekara arba'in, amma da shi aka tafi. Birged ɗin Najeriya ce ta shige gaba a farmakin da aka kai wa Italiyawa a 1941. Ta shiga Mogadishu a ƙarshen Fabrairu, ta keta sama da kilomita 1,000 na hamada da duwatsu, kafin ƙarshen Maris tana Harar a ƙasar Habasha. A wannan yaƙi Maigumeri ya samu Military Medal. Daga can aka wuce da shi ƙasar Bama, inda sunansa ya fito a rahoton yabo na kwamandoji, aka kuma ba shi British Empire Medal a 1944. Ya ajiye kaki a 1953 bayan shekaru 36 yana yi wa Ingila aiki, ya halarci bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a Landan, aka sallame shi da muƙamin kyaftin na girmamawa.

A dubi wannan lissafi da kyau. Mutum ya yi yaƙin duniya biyu, a nahiya biyu, dauloli biyu masu gaba da juna kowace ta shaida cewa namiji ne. Ya shekara 25 yana samanja, yana horar da samarin hafsoshin da ake turowa daga Ingila, yana ƙame musu, yana sara musu, alhali wasunsu ba a haife su ba lokacin da yake cikin ramin Garwa. Aninin da aka ɗora masa a kafaɗa kuwa sai ranar tafiya gida, lokacin da ba zai ba kowa umarni da shi ba. A shekarar ce dai Wright na Kwatarkwashi ya mutu yana Birgediya Janar, kuma a shekarar ce wani ɗan ƙasar Barno, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst da anini na gaske. Ƙofar ta buɗe, amma ta makara ga Maigumeri.

Duk da haka shi mai sa'a ne. Akwai bariki mai sunansa a Lakwaja, akwai hotunansa, akwai takardu. Sauran fa?

Kusan sojoji 90,000 ne daga Afirka ta Yamma aka kai yaƙin Bama, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Runduna ta 81, mai tambarin gizo-gizo, ta kutsa kwarin Kaladan inda ba hanyar mota, sai daga jirgin sama ake jefo mata abinci da harsashi. Runduna ta 82 kuwa tambarinta masu biyu ne a gicciye a kan gammo, kuma gammon ba ado ba ne. Dubban mutane aka ɗauka aikinsu shi ne dakon kaya a ka, akwatunan harsashi da sassan igwa, su hau tsaunuka cikin ruwan sama da zazzaɓi, su shiga inda Japanawa ke kwanton ɓauna, da yawansu ba bindiga a hannu sai adda. Wa zai rubuta wa ɗan dako takardar yabo? Bataliyoyin Najeriya uku sun shiga cikin rundunar Chindit da aka sauke a bayan layin abokan gaba a 1944. A Janairun 1945 sojojin Afirka ta Yamma suka ƙwace Myohaung, tsohuwar hedikwatar sarakunan Arakan. Yau mutum zai wuce barikin Myohaung ko na Arakan ko na Dodan a Legas, ko barikin Chindit a Zariya, bai san cewa sunayen wurare ne da rundunonin da kakanninsa suka zubar da jini a cikinsu ba. An adana sunayen garuruwan Bama, an bar na mutanen da suka mutu a can.

Labarin Isaac Fadoyebo ya tsira ne don shi da kansa ya rubuta shi. Yaro ne daga yankin Owo, ma'aikacin jinya a runduna ta 81. A Maris ɗin 1944 Japanawa suka yi wa tawagarsa kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi a matsayin gawa. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, yana ciyar da su watanni tara, alhali ya san idan Japanawa suka gano, shi da iyalinsa sun gama yawo. Sai bayan shekaru sama da sittin ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawun labarin, ya gano zuriyar manomin, ya kai musu wasiƙar godiya daga Fadoyebo, wanda ya rasu a 2012. Shuyiman ba soja ba ne, ba shi da lamba ba shi da muƙami, amma da wuya a samu wanda ya fi shi ƙarfin zuciya a wannan kwari.

A can kudancin nahiyar ma haka ne. Job Maseko, baƙar fata daga Afirka ta Kudu, yana fursuna a tashar ruwa ta Tobruk a 1942, ya haɗa bom a cikin gwangwani ya nutsar da jirgin dakon kayan abokan gaba. Military Medal aka ba shi, ya mutu a 1952 cikin talauci.

Wanda ya ce lamba ba ta da muhimmanci tunda ba a cin ta, ya duba abin da ya biyo baya, domin raina suna da raina haƙƙi tafiyarsu ɗaya. Takardun da aka tono a 2019 sun nuna cewa a Afirka ta Gabas kuɗin sallamar farin kurtu sule goma ne a kan kowane watan da ya yi, na baƙi kuwa sule uku da sisi. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disambar 1944, sojan Faransa ya buɗe wuta a kan baƙaƙen sojojin da suka dawo daga sansanonin fursuna na Jamus suna neman albashinsu. Faransa ta daɗe tana cewa mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi na ganin adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba, kuma sai a 2024 Shugaba Macron ya amsa cewa kisan kiyashi ne. A Accra, ranar 28 ga Fabrairun 1948, 'yan mazan jiya suka yi maci zuwa fadar gwamna da takardar koke kan fansho da alƙawuran da aka saɓa. Wani Baturen ɗan sanda ya harbe uku daga cikinsu: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ta gaggauta 'yancin Ghana.

Ko a kabari ba a daidaita su ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, watakila ma har 350,000, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, yayin da kowane Bature ke da dutsensa ko sunansa a bango. Rahoton ya kawo matsayin gwamnan Gwalkwas na 1923, wanda ya ga cewa ɗan ƙasa ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisa.

Akwai tambayar da mai karatu zai yi, kuma tana kan hanya: don me za a damu da mutanen da suka yi wa mai mulkin mallaka aiki? Ai su 44 ɗin Kwatarkwashi 'yan'uwansu suka harbe, kuma irinsu ne suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin 1903. Gaskiya ne, ba kuma za a wanke wannan ba. Ƙarfin zuciya daban, gaskiyar abin da ake yaƙi dominsa daban. Lamba ma takan rufe ɓarna: Amurka ta raba wa sojojinta kusan ashirin babbar lambarta bayan kisan da suka yi wa jajayen Indiyawa, har da mata da yara, a Wounded Knee a 1890, yayin da Hugh Thompson, matuƙin jirgin da ya sauka ya tare sojojin ƙasarsa daga kashe fararen hula a My Lai ta Biyetnam a 1968, sai da ya jira shekaru 30 kafin a karrama shi a kan hakan. Wannan ba hujjar binne sunaye ba ce. Hujja ce ta rubuta komai filla-filla, don na baya su san wa ya yi me, su yi hukunci da kansu. Waziri Ahmadu da mahayansa sun cancanci a karanta su a makarantu, haka ma ɗan dakon da ya mutu a Kaladan.

To, yanzu Bature ya tafi. Me aka yi?

Najeriya na da dokar lambobin girma tun 1964, sojanta kuma na da lambobinsa na bajinta. Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a saki tantabaru, a tuna da 'yan mazan jiya. Amma a tambayi mutum goma a kan titi su kawo sunan kofur ɗaya ko saje ɗaya da aka karrama saboda abin da ya yi a Sambisa ko a bakin Tafkin Chadi, su faɗi abin da ya yi. Da wuya a samu mai amsa. Haruffan da jama'a ke gani jere a bayan sunayen manyan hafsoshi, irin su FSS da MSS da DSS, yawancinsu na daɗewa a aiki ne ba tare da laifi ba. Abu ne mai kyau, amma ba shi ne shiga wuta a ɗauko abokin da aka harba ba. Shekaru sama da goma sha biyar ana yaƙi a Arewa maso Gabas, ba shakka an yi irin wannan bajinta sau ɗaruruwa. Ina takardun?

Sunan da kowa ya sani shi ne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali. Kwamandan tankokin yaƙi ne, yana cikin waɗanda suka shige gaba wajen ƙwato Baga a Fabrairun 2015, aka yi masa ƙarin girma na musamman daga manjo a bakin daga, a Gamborun Ngala, cikin shekarar. Sojojinsa ke kiransa Sarkin Yaƙi. An kashe shi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwambar 2016, ƙasa ta girgiza, manyan hafsoshi suka zubar da hawaye a maƙabartar sojoji ta Abuja. Ya cancanci duk wannan, har da ƙari. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, bakin sojojinsa da wayoyin jama'a ne suka yaɗa labarinsa, kamar dai yadda maroƙa ke yi a da can, ba wata takardar hukuma ba. Na biyu, a ranar an binne shi ne tare da wasu ƙananan sojoji shida. Su waye su, me suka yi a daren, mutum nawa ne ke iya tunawa?

A Metele, Nuwambar 2018, an kashe kwamandan bataliya, Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, da sojojinsa da dama. Kwanaki suka shuɗe kafin rundunar ta ce mutum 23 ne, rahotannin 'yan jarida kuwa na kawo adadin da ya fi haka sosai. A Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa kan ƙin zuwa fagen daga, su kuma suna cewa makamai ne ba a ba su ba. Daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekaru goma. Ke nan idan laifi ne, akwai zama, akwai shaidu, akwai takarda mai ɗauke da sunan kowane kurtu. Me ya hana a yi wa bajinta irin wannan hidima?

An ga ɗan sauyi a Maris ɗin 2024, bayan kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta. An buga sunayensu da hotunansu, Shugaba Tinubu ya halarci jana'izar, ya yi alƙawarin gidaje da karatun 'ya'yansu. Wannan shi ne abin da ya dace a yi wa kowane soja da ya faɗi, ba sai lamarin ya tayar da ƙura ba. Amma ko a nan, hafsoshi huɗu lambar MON aka ba su, ƙananan sojoji 13 kuma aka ba su wata ta ƙasa da ita. Wuri ɗaya suka je, rana ɗaya suka mutu. Bambancin da Ingila ta yar tun 1993, Najeriya na riƙe da shi.

Masu kare shirun na cewa sirrin soja ne, kuma bayyana suna na iya jefa iyalin soja cikin haɗari, ko ya karya gwiwar na bakin daga. Akwai ƙanshin gaskiya a na farkon, ga wanda ke raye yana kan aiki, kuma ana iya jinkirta bugawa ko a sakaya wurin. Na biyun kuwa bai tsaya ba. Abin da ke karya gwiwar soja shi ne ya ga an binne abokinsa a ɓoye, ya ga matar mamacin na yawon ofis-ofis da fayil a hannu tana neman haƙƙin mijinta, an kuma ba ta wa'adin barin ɗakin bariki. Ya ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna zanga-zangar fansho. Wanda ya ga wannan ya san matsayinsa.

Gyara mai yiwuwa ne, wasu sun yi. Amurka ta sake buɗe fayilolin Yaƙin Duniya na Biyu, ta amsa cewa wariyar launi ce ta hana baƙaƙen sojojinta babbar lamba, a 1997 Shugaba Clinton ya ba mutum bakwai, ɗaya kaɗai, Vernon Baker, ke raye ya karɓa da hannunsa. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a 2014 ta ƙirƙiro lambar bajinta da sunan Kyaftin Mbaye Diagne na Senegal, wanda ya yi ta kwasar mutane a motarsa yana tsallakar da su shingayen makasa a Ruwanda, ba tare da makami ba, har aka kashe shi ranar 31 ga Mayun 1994. Wanda aka fara ba wa lambar bayansa, a 2019, kurtu ne daga Malawi, Chancy Chitete, da ya mutu a Kwango wajen ceton wani sojan Tanzaniya da aka harba. An karanta abin da ya yi a gaban duniya, an miƙa lambar ga matarsa.

Abin da ake nema daga hedikwatar tsaro da Majalisar Tarayya bai fi ƙarfinsu ba. A buga takardar kowace lambar bajinta a jaridar gwamnati, da suna da wuri da abin da aka yi, a fassara ta a karanta a gidajen rediyo da Hausa da sauran harsuna. A mayar da lambar iri ɗaya ga janar da kurtu. A buɗe rajistar duk wanda ya mutu a bakin aiki tun daga yaƙin basasa, da Laberiya da Saliyo, zuwa yau, a haɗa da 'yan sa-kai da mafarauta da suka faɗi tare da soja. A ɗaura wa kowace lamba haƙƙi na kuɗi da doka ta tsare, wanda zai isa hannun iyali ba tare da sun yi roƙo ba.

Mai karatu ma yana da nasa aikin. Gidaje da yawa daga Zuru zuwa Biu, daga Zangon Kumasi zuwa Damagaram, akwai tsohuwar adaka da lambobin kaka a ciki, sun yi tsatsa, ba wanda ya san na mene ne. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu suna nan. A zauna da su tun suna raye, a rubuta cikakken sunan tsohon, da lambarsa ta soja, da bataliyarsa, da inda ya je, a ɗauki hoton lambobin, a kai kwafi gidan tarihi ko sashen tarihi na jami'a mafi kusa.